Akwatin agogo na kunna moter a garka: ina neman shawarar masu sani

Mai Garka ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Ya sanyi, ya aiki?

Ina da garka kan hanyar Mirriya, gadon mahaifinmu ce, ba ta kai rabin hekta ba. Bana shu na zuba da salati da tumatir, ga zogale layi biyu a bakin shinge. Rijiyar ta siminti ce, zurfinta mita 7, in ta kwana ba a taɓa ta ba ruwa yana tsayawa kamar mita 4 daga baki. Moter na sama gare ni, ba mai nutsewa ba, monofaz, wato mai aiki da wutar gida ta waya biyu, kilowat 1.5, wato doki biyu. Yana jan ruwa ya zuba cikin basan da na gina kan tudu, daga nan ake ban-ruwa da tiyo. Konter yana wani ɗaki a bakin hanya, daga can na ja waya har bakin rijiya.

Ni tela ne, shagona yana kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, kuma a gari nake kwana. Ɗan ƙanena ne ke yi mani ban-ruwa da safe kafin ya tafi lakwal. In ya iso ya tarar da basan wayam, dole ya tada moter ya zauna jiran ruwa ya taru, fiye da awa guda, kafin ya kai rabin garkar lokaci ya ƙure masa. Salati kuwa ba ya da haƙuri, ya wuni ba ruwa ka iske shi a kwance. Abin da nake so shi ne moter ya tashi da kansa kafin asuba, ya cika basan, ya tsaya da kansa, yaron ya zo ya iske ruwa.

Na ga wani agogo a kankayeri, mai zagayayyar fuska da ƴan haƙora kewaye, kana danna haƙoran lokacin da kake so ya ba da wuta. An rubuta 16A a bayansa. Mai shagon ya ce in soka shi a bango, in soka moter a jikinsa, magana ta ƙare, tunda moter ɗina bai kai amper 16 ba. Ban saya ba tukuna don hankalina bai kwanta ba. Agogon ba shi da nauyi ko kaɗan a hannu, moter ɗin nan kuwa in zai tashi har ƙwan ɗakin konter yana dushewa.

To masu sani, agogon nan zai ɗauka? In ba zai ɗauka ba, me da me ake sawa cikin akwatin, kuma wanne ke bin wanne? So nake in haɗa da hannuna. Ni na ja wayoyin shagona, ni ke gyaran moter na kekunan ɗinkina, kuma ina da mitar awon wuta. In abu ya tsaya ranar Juma'a da la'asar ina so in san inda zan duba, ba sai na jira an zo daga gari ba. Allah ya saka da alheri.

Mai Kuran na Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Garka. Alhamdu lillahi da ka tambaya kafin ka biya kuɗi.

Wancan 16A da ka gani ba na moter ba ne. Na kayan da ke cin wuta shiru ne, irin dutsen guga ko abin dafa ruwa. Moter mai doki biyu a kan bolt 220 yana cin wajen amper 10 in yana cikin gudu, amma daidai lokacin tashi yana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na hakan, ka ce amper 50 ko 60 na ƙiftawar ido. Dushewar ƙwan da ka lura da ita ke nan. In za a kashe shi kuma, tartsatsi yana tsallakawa tsakanin bakin kontak biyu, ƴan ƙarafan da ke haɗuwa su ba wuta hanya, yayin da suke rabuwa. Kontak ɗin cikin agogon ɗan mitsitsi ne. Kullum tartsatsi na cinsa, wata rana ko dai ya ƙi kamawa, ko ya narke ya manne. In ya manne shi ne masifar, don agogo ya kashe a lissafinsa, moter kuwa yana ta gudu cikin dare ba kowa a wurin.

Agogo maigida ne, umarni kawai yake bayarwa, kontakter shi ne ɗan dako. Agogo yana aika ƴar wuta kaɗan zuwa bobin, wato ɗan naɗin waya da ke cikin kontakter, inda aka rubuta A1 da A2, bobin ya zama maganaɗisu ya jawo manyan kontak, su ne ke ba moter wuta. Abin da bobin ke ci bai kai rabin amper ba, kowane agogo zai iya da shi.

Hanya biyu ce cikin akwati, ta ƙarfi da ta umarni, kada su cakuɗe maka a ka.

Hanyar ƙarfi: waya daga konter ta fara shiga diferansiyel na 30mA, wanda ke ɗaukar amper 25 ko 40, shi ne ke yanke wuta in ta zubo ta bi ta ƙasa ko ta jikin mutum. Daga nan disjonkter mai ƙafa biyu, 20A in mai harafin C ne, 16A in ka samu mai harafin D, wanda aka yi don jure fizgar tashi. Daga nan kontakter, a ƙarƙashinsa tarmik, daga tarmik sai moter. Wurin sayen kontakter ka duba gefensa, za ka ga AC-1 da AC-3, kowanne da lambarsa. Ta AC-3 ita ce ta moter. Na 12A zai yi, amma ni na 18A nake sa wa doki biyu saboda zafin garin nan da raunin wuta. Bobin ya zama na 220, ka karanta da idonka, don akwai na 380 da na 24 kuma a waje kamarsu ɗaya.

Tarmik ne ke gadin moter. Disjonkter waya yake karewa in faz da netir, wato waya mai wuta da ta komawa, suka haɗu, babu ruwansa in moter mai cin 10 ya koma cin 14 yana dahuwa a hankali. Sayi tarmik da ke juyawa tsakanin 9 da 13, ka karanta amper da ke rubuce a allon jikin moter, ka ajiye kibiyar a kan wannan lamba daidai. Kada ka ƙara ko kaɗan. Yana da wurin zaɓi, ko ya dawo da kansa in ya huce, ko sai an danna da hannu. Sa shi a na hannu. In ya faɗi da dare, moter ya zauna a kashe har mutum ya zo ya ga dalili.

Hanyar umarni: ɗauki faz bayan diferansiyel, ka bi da ita ta ƙaramin disjonkter na 2A. Waya mai kauri 1.5 ta isa nan. Daga shi ka fara ba agogo tasa wutar, faz da netir, wadda ba ta yankewa. Sannan ka ja wata waya ta shiga 95 ta fita ta 96 a jikin tarmik, ta je makunni mai matsayi uku: hannu, kashe, agogo. Ɓangaren hannu ya zarce A1. Ɓangaren agogo ya bi ta kontak ɗin agogo kafin ya isa A1. A2 kuma netir. Duk abin kariya da za ka ƙara daga baya a kan wannan siririyar hanya za ka jera shi, kowanne ya buɗe baki kontakter ya saki.

Sai agogon kansa. Mai haƙoran da ka gani, kowane haƙori minti 15 ne, guda 96 a zagaye, kuma yawancinsu da kuran suke juyawa. An ɗauke wuta awa uku ya tsaya awa uku, an kawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Kafin sati ƙarfe huɗunka na asuba ya koma hantsi. A Damagaram wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya tuna halin da muka shiga daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa mana ta Katsina, kuma ko lokacin lafiya in bazara ta shigo ana ɗaukewa. Nemi mai lambobi a fuska, mai batir a ciki, wanda ke hawa kan dogon ƙarfen cikin akwati. Shi ko wuta ta kwana ba ta zo ba yana riƙe da lokacinsa, kuma yana karɓar jadawali da yawa a rana ɗaya.

Akwatin ya zama na roba mai zoben roba a murfi, wanda aka rubuta IP65. Duk wayoyi su shiga ta ƙasa, kowace da abin matse ta, kada ka bar kafa ko ta yatsa. Tsaka da ƙadangare suna son ɗumin kontakter, zanzaro na gina ɗakinsa a kai, ga ƙurar hunturu. Kafa shi a inuwa, ka san Afrilu da Mayu inuwar ma tana wuce digiri 40. Sannan ka kafa sandar ƙasa kusa da rijiya inda akwai danshi, ka ɗaure jikin moter da ita da waya mai kore da rawaya. In babu ita, diferansiyel ba zai san wuta ta zubo a jikin moter ba sai ta bi ta jikin yaron da ya taɓa.

Baba Mai Naɗi ya amsa:

Ɗana Mai Garka, abin da Mai Kuran ya faɗa haka yake, ba abin cirewa. Ni naɗin moter nake yi a Sabon Gari, sai ya ƙone ake kawo mani, don haka bari in faɗa maka abin da nake gani in na buɗe.

Moter na sama irin naka ba ya jan iska. Sai tiyon ja da cikin pompo sun cika da ruwa sannan yake kamawa. Abin da ke riƙe ruwan in an kashe shi ne klape da ke ƙasan tiyo cikin rijiya. Ɗan tsakuwa ko guntun kara ya tokare shi, ruwan ya zurare cikin dare. Yanzu da yaron ke tadawa, in bai ga ruwa ya fito ba zai kashe, ya kwance murfi ya ɗura. Agogo ba ya gani, ba ya ji. Zai tada shi ƙarfe uku ya bar shi yana gudu a bushe har lokacin da ka sa masa ya cika. Garnitir, zoben da ke tare ruwa tsakanin pompo da moter, ruwa ne ke sanyaya shi, minti kaɗan a bushe ya lalace, in fankar ta roba ce ta yi laushi ta karkace. Daga nan ruwa ya fara bin sandar moter yana shiga cikin naɗi.

Kuma ka sani tarmik ba zai cece ka a nan ba. Pompon da ke gudu ba ruwa, amper ɗinsa raguwa yake, ba ƙaruwa ba. Tarmik zai ga kamar lafiya lau.

Maganinsa akwai abin da ake ɗaurawa a bakin fitar ruwa, preskontrol. In an ba shi wuta yana tada pompo na wasu daƙiƙu, in bai ji ruwa na wucewa ba ya yanke ya kunna jar fitila. Kada ka ɗora masa moter kai tsaye, ka bar shi ya riƙa ba bobin na kontakter wuta kamar yadda aka ce a yi da agogo. Yawancinsu bakin pus ɗaya ne, wato inci ɗaya, in bakin pomponka ya fi haka zai shaƙe maka ruwa, ka duba tukuna. Klape kuma ka sayi na tagulla mai rariya, ka ɗaga shi kamar kamu ɗaya daga gindin rijiya don kada ya riƙa shan yashi. Araha ba ta ado a nan.

Na biyu, raunin wuta. Daga magariba zuwa ƙarfe goma, lokacin da kowa ya kunna nasa, wuta tana sauka sosai a ƙarshen layi. Moter da aka tada da raunanniyar wuta sai ya yi ta gurnani bai juya ba, yana shan amper na tashi ba tsayawa. Irinsa in na buɗe, waya ta yi baƙi ƙirin, warin banis ya cika rumfa, kondansater, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa moter tashi, ya kumbura. Kontakter ma an yi bobin ɗinsa ya kama daga kashi 85 cikin ɗari na wutarsa, wato kamar bolt 187. Ƙasa da haka sai ya shiga kakkarwa, yana kamawa yana saki, kontak ɗinsa su ƙone. Sa masa rele mai lura da bolt, mai nuna lamba a fuska. Ƙasa ka sa 190, sama 250, jinkirin dawowa minti uku, don in an kawo wuta ba a nan take take zama ba, wani lokaci a kawo a ɗauke a sake kawowa.

Tunanin da ka yi na cika basan da dare shi ne daidai, lokacin wuta ta fi ƙarfi, iska da sanyi. Sai dai ka gaya mana faɗin rijiyar da girman basan. Ruwa mita uku ne kawai gare ka a ciki, ina shakkar ya cika maka basan a ja ɗaya in rani ya yi nisa.

Hajiya ta Matamaye ta amsa:

Salamu alaikum. Ni ba ma'aikaciyar kuran ba ce, amma ina da irin akwatin nan a garkata inda nake da kaji da ɗan rake, wani yaro ya haɗa mani, kuma ni ke zaune da shi kullum.

Malam Mai Garka, tambaya ɗaya da ba wanda ya taɓo: in ka sa agogo ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, aka ɗauke wuta ƙarfe uku aka kawo ƙarfe shida fa? Agogo mai batir zai riƙe lokaci, gaskiya ne, amma ba zai rama maka abin da ya wuce ba. Yaro zai zo ya iske basan wayam kamar da. Abin da ya yi mani amfani shi ne floter cikin basan. Na bar agogo a buɗe tun tsakar dare har asuba, floter ne ke tsayar da moter in ruwa ya cika. Duk lokacin da wuta ta zo cikin daren, aikin zai yiwu. Kuma ranar da aka yi ban-ruwa kaɗan, basan bai sauka ba, ruwa ba zai yi ta malala a banza ba. Ku da ke kusa da gari kun fi mu sanin darajar ruwa, kun san yadda ake bin ƴan garuwa a Birni da Garin Malam in zafi ya yi.

Sauran maganata ta uwa ce. Abin da ke tashi da kansa yana iya tashi hannun mutum na kai. Ka rubuta a murfin akwati da manyan baƙaƙe cewa moter yana tashi da kansa, ka koya wa yaron ya sauke babban disjonkter kafin ya taɓa pompo ko ya ɗura ruwa, ba makunni kawai ba. Mai yasar rijiya kuma kada ya sa ƙafa ciki sai an kashe daga konter. Ka sa kwaɗo a akwatin. Basan da zai riƙa kwana cike, a kan hanyar da yara ke bi da awaki, ka rufe shi da ragar ƙarfe ko ka kewaye shi.

Sannan ɓarayi. Moter da ke kuka ƙarfe biyun dare yana shaida wa kowa inda yake. Nawa ɗan ɗaki na yi masa da bulo da ƙofar ƙarfe, da kafofin iska sama da ƙasa, wayar kuma a binne take cikin tiyo.

Mai Garka ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ba kowa lada. Baba, Allah ya ƙara girma. Hajiya, maganar floter ta shige ni, ta rufe basan kuma zan fara da ita tun kafin akwatin.

Na je na auno abin da kuka tambaya. Allon moter ya ce 9.6A, bolt 220, 50Hz. Bakin fitar ruwa pus ɗaya ne, ke nan preskontrol zai hau. Faɗin rijiya daga ciki mita 1.40. Basan yana cin lita dubu takwas, moter yana cika shi cikin kamar awa ɗaya da minti ashirin in rijiya ba ta gaza ba. Baba kun yi gaskiya, yanzu da sanyi tana kaiwa da ƙyar, amma daga Maris yaron kan tsaya sau ɗaya ko biyu ya jira ta dawo.

Wayar da na ja 2.5 ce, tsawonta mita 80. Da moter yana gudu na auna 219 a konter, a bakin moter kuma 203. Wannan ratar daidai ce ko ta yi yawa?

Malam Mai Kuran, na duba kontakter da tarmik a shago, duk ƙafa uku gare su, ni kuwa waya biyu ce tawa. In bar ƙafa ɗaya haka nan? Kuma floter ɗin nan wuta 220 ce za ta bi ta cikinsa, alhali yaron yana tsoma hannu cikin basan kullum. Abin ya tsaya mani a rai.

Mai Kuran na Zango ya sake amsawa:

Malam, ratar ta yi yawa, kuma gara da ka auna. Wuta zuwa take ta dawo, ke nan mita 160 na waya take bi. Tagulla mai kauri 2.5 a wannan tsawo tana da turjiya kamar om 1.1, in ka ninka da amper 9.6 bai kamata ka rasa fiye da bolt 11 ba. Kai 16 kake rasawa. Ko dai akwai mahaɗa a hanya da ta yi tsatsa, ko wayar ba ta cika 2.5 ba, ko ba tagulla zalla ba ce. Kashe daga konter, ka kankare bakin wayar da wuƙa. In ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, irinta ta cika kasuwa. Ka bi layin kuma bayan moter ya yi rabin awa yana aiki, ka kashe, ka shafa inda aka yi haɗi. Wurin da ya yi ɗumi nan ne ɓarnar take. In za ka canza, sa 4. Da ita asarar ba za ta wuce bolt 7 ba. Ka tuna lokacin tashi amper yana ninkawa, asarar ma haka take ninkawa, shi ya sa moter a ƙarshen siririyar waya yake tashi da nauyi.

Ƙafa ta uku kada ka bar ta. Tarmik na zamani an yi shi ya gane in faz ɗaya ta ɓace a trifaz, wuta mai faz uku, in ya ji ƙafa ɗaya ba wuta zai riƙa faɗuwa kafin lokaci. Faz ta shiga 1 a saman kontakter, ta fito ta 2 a ƙasan tarmik, ka lanƙwaso ta da waya mai kaurin ta moter ta koma sama ta shiga 3, ta fito ta 4 ta tafi moter. Netir ta shiga 5 ta fito ta 6. Duka ukun sun ɗauki amper ɗaya ke nan.

Floter an rufe shi ruf, ruwa ba ya shiga, kuma hanyar umarni tana bayan diferansiyel na 30mA, shi ya sa na ce daga nan za ka ɗauko ta. Inda ake samun matsala shi ne mahaɗa. Sayi mai doguwar waya da za ta fita daga basan gaba ɗaya, a yi haɗin a busasshen wuri cikin ƙaramin akwati, ba da salatif a bakin ruwa ba. Yana da waya uku, ɗaya ta tsakiya, biyu na zaɓi. Ka gwada da mitarka: kana son biyun da ke haɗuwa in kansa ya rataya ƙasa, su rabu in ya ɗago. Ta ukun ka rufe bakinta da kyau. In har ranka bai kwanta ba, sayi kontakter mai bobin 24 da ƙaramin taransifoma, sai bolt 24 kawai ya je basan. Kuɗi ya ƙaru kaɗan, amma tunda yaro ne ke aikin ba zan hana ka ba. In ka zaɓi haka ka faɗa mani, don jerin zai ɗan canza saboda preskontrol da 220 yake aiki.

Maganar Hajiya da ta Baba ana iya haɗa su. Rijiya mai faɗin 1.40, kowace mita ɗaya ta ruwa lita 1,500 ce da ɗoriya. In ka cire abin da ke ƙasan klape, abin da za ka iya ja bai kai lita 4,000 ba, sai abin da idon rijiya ya ƙaro. Moter ɗinka yana jan kamar 3,000 a rabin awa. To kada ka buɗe masa dare gaba ɗaya. Ba shi rabin awa, ya huta awa ɗaya: 12:00 zuwa 12:30, 1:30 zuwa 2:00, 3:00 zuwa 3:30, 4:30 zuwa 5:00, ka ƙara ɗaya 6:00 zuwa 6:30. Uku sun isa su cika basan, sauran biyun na ranar da aka ɗauke wuta ne. In ya cika da wuri floter zai hana shi tashi. In bazara ta yi tsanani ka rage zuwa minti 20, ko ka ƙara rele mai sanduna uku da ake saukarwa cikin rijiya, wanda ke tsayar da moter in ruwa ya sauka ya kuma jira ya hau.

Jerin umarni yanzu: disjonkter 2A, rele na bolt, 95 da 96 na tarmik, makunni. Ta ɓangaren agogo: kontak ɗin agogo, floter, preskontrol, sannan A1. Ta ɓangaren hannu kai tsaye A1, don ranar da za a ɗura ruwa a tada da ido a kai. Yaron ya mayar da makunni kan agogo kafin ya tafi.

Ranar gwaji kada ka haɗa moter. Sa ƙwai a madadinsa, preskontrol kuma ka tsallake shi da guntuwar waya tunda ba ruwa. Juya makunni zuwa hannu, ka ji kontakter ya yi ƙas sau ɗaya ba kakkarwa. Danna maɓallin gwaji na tarmik, ƙwai ya mutu. Sa agogo minti biyu gaba, ka ɗaga floter ka sauke. Danna T na diferansiyel, komai ya mutu, kuma ka riƙa danna shi duk wata. Sai komai ya amsa sannan ka cire guntuwar wayar ka haɗa moter. Kondansater yana riƙe wuta bayan an kashe, kada ka kai yatsa bakinsa. Bayan sati ka kashe daga konter ka sake matse duk sukurori, suna sakin jiki in waya ta yi zafi ta huce.

Mai Garka ya rubuta:

Na kankare wayar, tagulla ce, amma na samu mahaɗa a tsakiyar hanya inda gara ta ci salatif, ta yi kore. Zan yanke wurin in sake haɗawa cikin akwati, in sake aunawa kafin in yanke shawarar sayen 4. Na zaɓi bobin 24 saboda yaron, Malam Mai Kuran a taimaka mani da sabon jerin. Ranar Alhamis zan tattara kayan, klape na tagulla kuma zan sa shi ranar Lahadi in na je. In na gama ɗaure wayoyin zan ɗora hoton cikin akwatin a nan ku duba mani kafin in ba shi wuta.